Ranar da Danja Ta Ba Kowa Hannu

Ƙarfe takwas saura na safe aka bugo wa Sufeto waya: motar bas ta take babur a mararrabar asibiti. Matar da ke bayan babur ɗin, malamar jinya ce za ta wurin aiki, ta rasu nan take. Mijinta, wanda ke tuƙa babur ɗin, ya tsira da karayar ƙafa.

Direban bas ɗin yana bayan kanta. 'Yan tasha na kiransa Sannu-Sannu, don shekara talatin yana tuƙi ko kaza bai taɓa takewa ba, fasinja har zaginsa suke saboda nawa.

"Yallaɓai, wallahi kore ce," ya ce, ya riƙe ƙarfen ƙofa hannu bibbiyu. "Danja ta ba ni hannu."

"Mijinta ma ya ce kore ya gani," in ji Sufeto.

"Ni dai abin da na gani ke nan. Ka taimake ni, 'ya'yana shida, kada a ce musu ubansu ya kashe mutum."

Ogan Sufeto kuwa ya riga ya yanke nasa hukuncin. "Fitilun nan sababbi ne fil, masu ƙwan da ba ya cin wuta, ko wata ba su yi ba. Wa zai yarda sun yi ƙarya? Kafin ƙarfe huɗu ka sa hannu a fayil, gobe kotu."

Hankalin Sufeto ya tashi. Ya san ƙaryar direbobi kala-kala, amma bai taɓa ganin maƙaryaci ya ƙi cin abinci ba, ga shi wannan ko loma ya ƙi kaiwa baki. In ya sa hannun nan, dattijon ya tafi gidan yari ke nan.

Ya koma mararraba ƙarfe ɗaya. Wata mai sayar da jarida na zaune daura da akwatin ƙarfen da ke sarrafa fitilun.

"Tun da aka sa su ba su yi lafiya ba, ranka ya daɗe," ta ce. "Kullum sai su mutu, su bar yalo tana ƙiftawa, motoci su cakuɗe. Ana gobe manya za su zo buɗe aikin, na ga akwatin a buɗe, mutum ya cusa kai ciki. Daga ranar ba su ƙara ba."

"Wane ne?"

"Rigar kamfani kawai na gani."

A kamfanin da ya yi kwangilar ya tarar da Injiniya, saurayi mai tsabta, takalmi sai ƙyalli.

"Ba wanda ya taɓa akwatin nan tun da muka rufe shi," in ji shi.

"To mu je ka buɗe mini."

Wani tsoho da ke gyaran waya a lungu ya miƙe ya ɗauki jakarsa. Baba Waya ke nan, wanda ya ɗaura tsofaffin fitilun garin tun kafin Sufeto ya shiga aiki. Shi ne mahaifin Injiniya, kuma yana aiki a ƙarƙashin ɗan nasa da alfahari.

Uku saura kwata aka buɗe akwatin. Ruwan saman jiya ya kwanta a gindinsa, ya jiƙa wayoyin kore biyu har ya haɗa su. Sufeto ya nuna wata 'yar na'ura baƙa. "Wannan fa?"

"Mai gadi muke ce mata," in ji Baba Waya. "In ƙwai ya mutu, ko kore biyu suka kama lokaci ɗaya, sai ta kashe komai ta bar yalo."

"Yau me ya hana ta?"

Sufeto ya ƙara leƙawa. Wata guntuwar jar waya ce ta tsallake mai gadin, an haɗa ta kai da gindi. Tsohon ya daɗe yana kallonta, bai ko dubi ɗansa ba.

"Ni na sa," ya ce. "Sababbin ƙwayayen ba sa jan wuta, sai mai gadi ta ɗauka sun mutu. Na gaji da zuwa kullum, na tsallake ta. Kama ni."

Sufeto ya ji kamar ya rungumi wannan amsa. Ga mai laifi, ga hujja, ga saura awa ɗaya. Amma idonsa ya ƙi barin wayoyin. Duk inda aka naɗe da salatef a akwatin, an ninke ɗan bakinsa kamar kunne.

"Baba, wannan ninkin na mene ne?"

"Don wanda zai zo bayana ya samu inda zai kama ya warware. Haka ubangidana ya koya mini, ban taɓa..." Idonsa ya faɗa kan jar wayar.

Salatef ɗin jar wayar da haƙori aka gutsire shi, an liƙe shi a hargitse, ba kunne ba alamarsa.

Sufeto ya juya. "Injiniya, za ka bari a sa wa hannuwan nan ankwa?"

Gumi ya keto wa saurayin, ya zauna daɓas a kan dakalin titi.

"Shugabannin kamfani sun ce in fitilun suka mutu a gaban manya, aikina ya ƙare. Baba ya ce a canja mai gadin zuwa irin na sababbin, sai an jira sati biyu. Na ce kwana ɗaya kawai, in an watse in cire. Da na ga shiru, ba mai ƙorafi, sai na bari." Ya fashe da kuka. "Baba, ka yafe mini."

Tsohon ya zaro filaya ya datse jar wayar ya miƙa wa Sufeto. Nan take fitilun suka koma yalo, motoci suka fara rage gudu.

Huɗu saura minti biyar Sufeto ya shigo caji ofis da Injiniya a ankwa, uban na biye da jakarsa a rataye. Aka buɗe ƙofa, Sannu-Sannu ya fito, saurayin ya shiga.

Direban bai yi murna ba. Ya kama hannun rigar Sufeto.

"Yallaɓai, don Allah mu je asibiti tare. Ka faɗa wa mijinta da bakinka cewa shi ma kore ya gani da gaske. Na san tun safe yana kwance yana tunanin ko shi ya kashe ta."

Sufeto ya ajiye fayil ɗin a kan kanta, ya ɗauki hularsa.