Fashi Don a Bar Mana Saja

"Kowa ya kwanta! Fashi ne!"

Merv ne ya daka tsawar, safar marigayiyar matarsa a fuska, tsohuwar bindigar harbin zomo a hannu. Clarrie na bayansa yana haki. Noelene mai gidan mai ko ajiye shayinta ba ta yi ba.

"Merv, karenka ya biyo ka. Fitar min da shi tukuna."

Abin da ya jawo haka, laifi ne ya yi ƙaura daga garinmu Kulpinya. An yi shekaru ko tunkiya ba a sace ba. Manya a Adelaide suka duba alƙaluma, suka ce a rufe ofishin 'yan sanda. In Saja Kowald, ɗan sandanmu tilo, ya tashi, 'ya'yansa za su bi shi, ɗalibai su yi kaɗan, a rufe firamare, a tura jikar Merv makarantar kwana. Ita kaɗai ta rage masa. Shi ya sa tsofaffin masu askin tumaki uku suka ɗaura aniyar samar wa gari laifi: a yi fashi, a ɓace, Saja ya yi ta bincike har furfura.

Noelene ta buɗe akwatin ciniki, wayam. Yanzu kowa da kati yake biya. Don kada a fita hannu rabbana, Clarrie ya sunkuci kwalin biskit.

Suka fito a guje—ba mota! Des, direbansu, ya tsorata, ya taka wuta sai ofishin Saja, ya fasa ƙwai.

Saja ya tarar da su zaune a inuwa, gwiwar Clarrie ta ƙi gudu. Ya roƙe su su mayar da biskit su tafi gida, shi bai ga komai ba.

Merv ya miƙa hannuwa. "Rubuta, yaro. Fashi da makami. Da manyan baƙi."

Ya rubuta. Kai, har na tausaya musu. Manya suka ji ɗan sanda ɗaya ya kama 'yan fashi shi kaɗai, suka ce irin wannan gwarzo ya fi ƙarfin ƙauye. Aka ƙara masa girma, aka mayar da shi birni. Ofishi ya rufe, makaranta ta bi baya. Des ya zama shaida, alƙali ya sallami Clarrie saboda gwiwa, Merv mai bindiga ya sha ɗauri.

Makarantar kwanan da aka kai yarinyar gari ɗaya take da gidan yarin. Kowace Lahadi malama kan rako ta ta gaishe da kakanta.