Audugar Auta

Gyaran benci ne ya kai Kafinta aji huɗu, ya tarar da Malama riƙe da auduga tana koya wa yara yadda ake gane kuturta da wuri. Suna haɗa ido, bawan Allah ya ƙwala wa yatsansa guduma. Daga nan fa aka soma.

Maganar aure ta kankama, sai ranar da ya zo zance, Auta, ƙanwar Malama kuma ɗalibarta, ta hango wani tabo fari-fari a damtsensa.

"Yaya, rufe ido! An ce mu gwada kowa a gida," ta ce masa.

Ta shafa auduga a wajen, ta sake shafawa.

"To ki taɓa mana," ya ce yana dariya.

Nan Malama ta gane bai ji taɓin ba, alamar da take koya wa yara ke nan.

Asibiti suka tabbatar kuturta ce, suka ɗora shi kan magani. Baba kuwa, mahaifin Malama, da ya ji, ya ce ko sunansa kada a ƙara ambata masa.

Saƙon Kafinta ya shigo wayar Malama: "Sanyin idona, ki haƙura da ni. Ba zan ja miki gori ba."

Ta mayar: "Sha maganinka, Nawa. Ina nan daram."

Daram ɗin a waya ne kawai, don ko abinci ya daina wuce mata.

Auta ce ta hana Baba sakat. Yana alwala tana bayansa, yana jin rediyo tana gefensa.

"Baba, ba gadonta ake yi ba. Ana warkewa, kuma wanda ya fara shan magani ba ya shafa wa kowa."

"Ke, rufe min baki!"

"Da ni ce na kamu, Baba, korata za ka yi?"

Washegari Baba ya saka hula ya fice. Malama ta wuni tana leƙen ƙofa, ta sakankance warware maganar ya tafi yi. Ashe wajen likita ya je ya titsiye shi da tambayoyi, daga can ya zarce shagon Kafinta.

Kafinta na ganinsa ya durƙusa, ya ɓoye hannuwansa a baya.

"Miƙo hannun," in ji Baba. Ya kama da hannu biyu, ya ƙi saki, a gaban duk 'yan layin. "Ka turo min manyanka, ɗana."

Yana kammala magani aka ɗaura aure. Allah Ya bar su tare, Ya ƙara lafiya.