Furen Masu Rai

Ranar da Ulan ya fara ƙwanƙwasa ƙofarsu a birnin Bishkek, Saltanat na zaune a ƙasa tsakanin tsinkaye da takardu masu ƙyalli, tana naɗe cakulan ta mai da shi fure. Sana'arta ke nan, damin furen alewa. 'Yan mata biyu ƙanana suka riga ta zuwa ƙofa.

"Ni Akmaral, wannan Nurai. Kada ka taka almakashi," in ji babbar.

Ya zo ne a yi wa ƙanwarsa dami na gama makaranta. Saltanat ta tambaye shi kalar da yake so ba tare da ta ɗago ba.

"Wadda kike so."

"Ba ni da wadda nake so, baike," in ji ta, wato yaya, yadda ake girmama namiji a can.

Gaskiyarta ta faɗa. Tun da yayarta Gulzat ta rasu ta bar mata yaran nan, uban kuwa ya shige Mosko ya yi shiru, komai ya zame mata ɗaya. Tana dafawa, tana wanki, tana raba faɗa, amma ko hawaye ba ta taɓa yi ba. Har mata suka gaji da jira, suka ce taurin zuciya gare ta.

Ulan ya dawo. Yau damin gwaggo, gobe na matar aboki, sai ka ce shi kaɗai ke da dangi a garin. Yakan zauna ya riƙe Nurai don kada ta kai hannu ga gam mai zafi, Akmaral kuma ta ɗora masa aikin yankan zare tana yi masa faɗa. Wata rana ya turo saƙo:

"Alewata, dangina sun ƙare. Ba ni da sauran dalilin zuwa sai ke."

Ta daɗe tana kallon wayar. Ta san ya kamata gabanta ya faɗi, sai dai bai faɗi ba. Ta rubuta:

"Ni uku ce. In ba za ka iya ba, faɗa tun yanzu."

"Ukun nake so."

Mahaifiyarsa, Burul apa, wato inna Burul, ita ce ba ta so. Tana da 'yar ƙawarta likitar haƙori da ta ajiye masa. Sharaɗinta ɗaya: in lallai sai Saltanat, to a mai da yaran ƙauye wurin dangin ubansu. Da ƙyar ya shawo kanta ta yarda ta zo shan shayi.

Saltanat ta wuni a kan damin da za ta ba ta. Fure goma sha ɗaya ta haɗa, jajaye, ta ƙirga ta sake ƙirgawa, yaran na zagaye da ita suna roƙon ɓallin cakulan. A garin nan ko yaro ya san mai rai adadin fure mara, irin su uku ko biyar, ake kai masa, cika kuwa, wanda ke rabuwa biyu daidai, na gawa ne.

Burul apa ta zauna a saman shimfiɗa, ta karɓi shayi, ta gutsiri burodi. Da aka miƙa mata damin ta yaba, sannan yatsanta ya shiga bin furannin ɗaya bayan ɗaya. Ta ajiye shi a gefe a hankali.

"Goma," ta ce. "'Yata, har kin gaji da ni tun ban zama surukarki ba?"

"Apa, don Allah," in ji Ulan.

"Yi min shiru. Ai ga abin da nake faɗa maka. Gidan da yara suka fi ƙarfin mai shi."

Saltanat ta ga tsinken da aka zare, ta ga gurbinsa. Ta san auren ne ke shirin kuɓuce mata, ta kuma san ba za ta ba da yaran ba. Ko haƙuri ta kasa bayarwa.

Burul apa ta juya kan yaran. "Wacece ta cinye?"

Nurai ta buɗe baki ta nuna harshe, babu komai. Akmaral ta sunkuyar da kai.

"Ban ci ba. Apata na kai wa."

Ta tashi ta ja labulen ɗakin kwana. A kan durowa, gaban hoton Gulzat, fure ja guda ɗaya na tsaye cikin kofin shayi.

"Kullum in mun je kabarinta biyu ake kai mata," yarinyar ta ce. "Ni ba na so. Ɗaya ai na masu rai ne, ko ba haka ba, Eje?" Haka yaran ke kiran Saltanat.

Saltanat ta buɗe baki za ta amsa, sai kuka ya fito. Kukan da ta kasa yi ran jana'iza, mai ƙarfi, mara kyan ji, har yaran suka tsorata suka ƙanƙame ta. Ulan ya rasa inda zai sa hannunsa.

Burul apa ta daɗe tana kallon hoton. Ita ma tana ƙarama uwarta ta rasu, a hannun dangi ta tashi, abin da ba ta son a tuna mata. Ta jawo damin, ta zare fure guda, ta ɓare cakulan ta raba wa yaran.

"Tara. Yanzu ya zama nawa," ta ce. "Ke kuma share fuskarki, ki zuba min wani shayin, wannan ya huce."

Da kaka aka yi bikin. Burul apa da hannunta ta sa wa Saltanat 'yan kunne, ta yafa mata farin mayafi. Ɗakin yaran ma ita ta zaɓi labulensa, bayan ta yi faɗa da mai shago.

Da aka zo sa albarka kowa ya ɗaga tafukansa. Burul apa ta dubi ango da amarya da yaran a tsakiyarsu.

"Allah ya zaunar da ku lafiya, ya raya muku waɗannan. Amma ku huɗu ne, ni kuwa kun san ba na son cika. Allah ya kawo na biyar da wuri."

Aka shafa ana dariya. Ulan ya matso ya raɗa mata, "Kin ji umarni, Alewata."

Kunya ta kama Saltanat har cikin kunnuwanta. Ta ja mayafin ta rufe fuska, tana jin daɗi sosai.