Furannin Bayan Gidanmu

"Auta, yar da shi!"

Kafin furen ya kai hancina ya fizge shi ya jefa cikin buhu.

Idona ya ciko da ƙwalla. "Kowace budurwa ba ta fure ake yi, ni nawa saurayin ƙwacewa yake!"

"Zuciyata... wannan ya sha guba. Je ki wanke hannu."

Har yau in na tuna sai na yi dariya, dariyar ta ƙare da kewa.

Mai Fure muke ce masa, ɗalibi ne mai nazarin ƙasa. A bayan gidanmu marigayi Baba ya yi shekara da shekaru yana fasa tsofaffin batiran mota yana narka dalma. Mai Fure ya auna ƙasar ya ce dalma ta cika ta, ya roƙi Mama ta bar shi ya shuka furannin da ke zuƙe ta. Da sun buɗe sun yi kyau, sai ya sa safar hannu ya tumɓuke su har saiwa. Ni ce mai ban ruwa. Daga ban ruwa aka koma hira, daga hira sai zuciya ta yi halinta.

'Yar maƙwabtanmu kuwa, da ta daɗe tana leƙensa ta katanga, ta kasa haɗiyewa. Ta samu Mama ta ce wai yana yawo yana cewa Baba ne ya kashe unguwa da guba.

"Da batirin nan muka ci, muka sha, muka yi sutura!" in ji Mama tana huci, da Mai Fure ya shigo. "Ɗan jiya zai zagar min miji yana kabari?"

Ya ce, "Mama, wallahi ban..."

"Fita!"

Na yi kuka har muryata ta dashe. Don ta huce haushi, Mama ta ɗaure akuyarta a tsakiyar furannin.

"Ci abinki, ai ciyawa ce."

Ba a daɗe ba akuyar ta makance, tana cizon haƙora tana buga kai da bango. Ranar da ta mutu Mama ta daɗe tsaye a kanta.

"Auta... kira min yaron nan."

Ya zo ya durƙusa, kansa a ƙasa.

Mama ta ce, "Na taɓa haihuwar namiji kafin Auta. Haka ya yi ta cizon haƙora yana sanƙarewa, muka ce iska ce. Nan yake rarrafe, kusa da murhun babansa."

"Baba bai sani ba, Mama. Ba wanda ya sani," in ji shi.

"Kai ka sani, ni kuma na kore ka." Ta share ido da bakin zane. "Na ba ka Auta. Amma jikokina ba za su taka bayan gidan nan ba sai ka ce."

Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo, muna shuka muna tumɓukewa, har na yaye 'yarmu ta fari.

Ranar da ya auna ya ce ƙasa ta yi lafiya, Mama da kanta ta sunkuya ta cire wa yarinyar takalmi.