Kwano Na Uku

Da safiyar Dipawali, bikin fitilu, ta farko bayan aurensu, Waidehi da mijinta Alagar suka sauka daga bas ɗin Tanjawur a garin Kumbakonam. Shi yana riƙe da kwanon ƙarfe mai hawa uku wanda mahaifiyarsa ta ba shi, ita kuwa sai gyara sarinta take yi.

Ango a gidan surukai yake yin wannan biki, amma ba su zaci za a kira su ba. Mahaifin Waidehi, Malam Wembu, tsohon malamin lissafi, bai je ɗaurin auren ba, tun daga ranar kuma bai ƙara ambaton sunanta ba. A gidansa ba a taɓa dafa nama ba, ko tafarnuwa ba ta shiga. Alagar kuwa ɗan gidan masu kiwon awaki ne. Sai a makon jiya Malam Wembu ya ce wa matarsa, fuskarsa a cikin jarida, su zo karin kumallo. Waidehi ta san cewa idan aka tashi daga abincin nan babu daɗi, ba za a sake kiran su ba.

A hanya ta tambayi Alagar ko ya yi wa mahaifiyarsa bayanin abin da za ta zuba a kwanon. Ya ce ya gaya mata catni, wato miyar dangwale, da yaji kawai, tsohuwar kuma ta ce to.

An shimfiɗa ganyen ayaba na cin abinci a tsakar gida. Mahaifiyar Waidehi tana gaban kasko tana zuba ƙullu, tana murza shi da bayan ludayi har ya yi faɗi. Kakarta tana zaune a kujera da carbi, tana duban ango daga sama har ƙasa.

"Wannan ne? Ai na ɗauka ya fi haka tsawo, yadda aka tayar mana da gida saboda shi."

Alagar ya durƙusa ya taɓa ƙafafunta. Malam Wembu ya amsa gaisuwa da kai. Aka sa wa kowa dosa, wainar nan mai faɗi, da zafinta, aka zuba sambar, miyar wake da kayan lambu, a gefe. Sai Malam Wembu ya yi abin da ya sa matarsa ta manta da kasko: ya miƙa hannu ya jawo kwanon baƙi da kansa.

Na sama catnin kwakwa ne. Ya ɗiba, ya dangwala dosa, ya tauna a hankali, ya ce an sa tsamiya daidai. Na biyu yajin gero da barkono ne, ya yi masa rami da yatsa ya zuba man riɗi. Waidehi ta sunkuyar da kai don kada a ga idonta ya ciko. Ya buɗe na uku.

Ƙamshin ya riga kowa magana. Miyar naman akuya ce, ja wur, mai yana yawo a kai, ga ƙashin ɓargo a tsaye a tsakiya. Murfin yana hannun Malam Wembu, bai ajiye ba. Carbin Kaka ya tsaya. A kan kasko dosa ta ƙone, babu wanda ya motsa.

Mahaifiyar Alagar ba ta yi da mugunta ba. A ƙauyensu ba a cin dosar Dipawali sai da nama, kuma aika ɗa gidan surukai da catni kaɗai tamkar cewa ne ba su kai a yanka musu ba. Ta ji abin da ɗanta ya ce, ta ɗauka kunya ce ta yara. Tun da asuba ta bi layin mahauci.

Kaka ce ta fara magana. Ta ce a wanke tsakar gida da ruwan kurkum, a zubar da ƙullun, a sake wanka. Malam Wembu ya ajiye murfin, ya yi wa Alagar magana a karon farko.

"Akwai kwata a bayan gida. Ka zubar, ka wanke hannu, ka dawo ka zauna. Ba zan ƙara tayar da zancen ba."

A wurinsa wannan sassauci ne babba, kowa kuma ya gane haka. Waidehi ta taɓa hannun mijinta. "Don Allah, Alagar. Miya ce fa kawai."

Alagar ya rufe kwanon, ya miƙe. Ya ba da haƙuri, ya ce laifinsa ne da bai yi wa tsohuwa bayani sosai ba, zai kuma fitar da shi yanzu. "Amma Baba, ba zan zuba girkin uwata a kwata ba. Don ta girmama ku ta dafa."

Ya fita. Ta ƙofa suna hango shi a kan dakalin waje, kwano a cinya, yara suna ta wasan tartsatsin wuta na biki a titi.

"Zauna ki ci abincinki," in ji Malam Wembu. "Idan kika bi shi, kin san sauran."

Waidehi ta dubi ganyenta. Ta tashi ta je wurin kasko, ta kankare ƙonanniyar, ta zuba sabon ƙullu. Dosar ta fito a karkace. Ta ɗora ta a sabon ganye, ta wuce ta gaban mahaifinta.

"Baba, kai ka koya mini ba a barin baƙo da yunwa a ƙofar gida. Wannan kuma mijina ne."

Ta zauna kusa da Alagar, ta zuba masa miyar da hannunta, ita da ko ƙamshin nama ba ta iya jurewa. Ya kasa ci. Maƙwabciya ta leƙo ta taga, ta kira 'yar'uwarta. Daga ciki ana jin Kaka tana faɗa, ana jin ruwa yana zuba a ƙasa.

Can sai ga Malam Wembu a bakin ƙofa, ganyensa a hannu ɗaya, bokitin sambar a ɗayan. Ya dubi maƙwabta har suka janye kawunansu. Ya je can ƙarshen dakalin, iya nisan da dakalin ya ba shi, ya zauna ya juya wa kwanon baya. Ya tura bokitin wajen 'yarsa.

"Waidehi, zuba wa mijinki, dosa ba ta tafiya babu sambar." Ya miƙa ganyensa ta gefe, bai waiwayo ba. "Kai kuma surukina, miƙo mini na saman nan. Na saman kawai."