Buhu Tamanin na Takin Karare

Ranar da mutanen Karare suka zo Safana ɗaukar takinsu, da aka buɗe siton ƙungiyar manoma sai aka tarar da buhu saba'in kacal, ko rabin abin da suke jira bai kai ba. Damina ta sauka, gero ya fara ɗagowa, don haka babu wanda ya tsaya doguwar gaisuwa. Kafin azahar an kira Insifekta Mannir.

Mannir mutum ne da ko gaishe shi ka yi sai ya kalli hannunka. Ya zagaya siton. Kwaɗo lafiya, rufi lafiya, bango babu huji. Makulli biyu ne, ɗaya a hannun shugaba, Alhaji Bashar, ɗaya a hannun akawu, Rilwanu. Shi Alhaji duk satin rabon yana kwance a asibiti a Katsina, makullinsa a aljihunsa, sai Mannir ya cire shi daga zargi, ba don ransa ya so ba.

Rilwanu ya kawo takardu biyu dogaye, irin waɗanda na'urar lissafin ofis ke fitarwa, ɗaya ta garin Zakka, ɗaya ta garin Tsaskiya. Kowane manomi da buhunansa a layi ɗaya, a ƙasa kuma jimilla.

"Buhu ɗari uku aka sauke, yallaɓai," in ji shi. "Zakka tamanin, Tsaskiya ɗari da hamsin, ga saba'in a sito. Lissafi ya cika."

Ya cika kuwa. Sai dai da aka buga wa mai unguwar Tsaskiya waya, ya rantse saba'in aka sauke musu. Buhu tamanin ke nan sun ɓace a hanya, kuma a bayan takardar Tsaskiya ga dangwalen yatsan Ya'u, direban da ya kai takin. Kafin magariba Ya'u yana bayan kanta, ana maganar kotu.

"Buhu nawa ka ɗauka?" Mannir ya tambaye shi washegari.

"Saba'in, yallaɓai. Sawu biyu. Mota wagga ko talatin da biyar da ƙyar take haura hanyar Tsaskiya."

"To me ya sa ka dangwala wa ɗari da hamsin?"

"A naɗe ya miƙo min takardar. Mi zan duba? Sahu ɗaya muke sallah da Rilwanu."

Mai gadi, Malam Sagiru, ya tabbatar sawu biyu ya gani. Da Mannir ya matsa masa, sai ya sunkuyar da kai ya ce shi dai ba ya barin ƙofa sai ranar Juma'a, lokacin masallaci, kuma kowa a ofis ya san haka.

Mannir ya koma ofishin ƙungiya ya zauna gaban na'urar shi kaɗai. Maɓallai biyu ne na jimilla. Ya danna biyar da biyar, ya taɓa na farko: goma ta fito da wata 'yar alama mai kusurwa huɗu. Ya ƙara uku, ya taɓa na biyu: sha uku ta fito da tauraro. Ya sake danna uku, uku kawai ta fito. Ashe na farkon yana nuna maka inda ka kai ne, amma yana riƙe da lissafin a cikinsa. Na biyun shi ke rufewa ya share. Ya duba ƙasan takardar Zakka, babu tauraro. Sai ya bi layukan Tsaskiya ɗaya bayan ɗaya da bakin biro, aikin da babu wanda ya yi, don wa zai sake ƙirga abin da na'ura ta ƙirga? Saba'in suka ba shi.

Ya sa aka kira Rilwanu da Alhaji Bashar.

"Malam akawu, taimaka ka haɗa min waɗannan lambobi. Kaina ba ya ja."

Rilwanu ya yi murmushi ya jawo na'urar. Kafin ya danna ko lamba ɗaya, yatsansa ya bugi maɓallin tauraro sau biyu.

"Wannan fa na mene ne?"

"Sharewa, yallaɓai. Wanda bai share ba, lissafin baya zai biyo shi."

"Kullum kana yi?"

"Ko barci nake."

"To ranar Tsaskiya me ya hana?"

Mannir ya shimfiɗa takardun biyu a gaban Alhaji. "Ya gama Zakka bai rufe ba. Ya yage takarda, ya ɗora Tsaskiya a kan tamanin ɗin da ke cikin na'ura. Tamanin da saba'in, ɗari da hamsin. Takin Zakka aka ƙirga sau biyu, ranka ya daɗe."

"Kuskure ne," Rilwanu ya ce.

"Da kuskure ne, da buhu tamanin ɗin suna sito. Makulli naka ne, kuma ranar Juma'a ƙofa ba mai gadi."

A yammacin nan aka samo takin a shagon wani abokin Rilwanu a Batsari, an lulluɓe da tamfol.

Da Mannir ya buɗe wa Ya'u ƙofa, ya zaci zai ga murna. Ya'u ya saka takalmansa a hankali, bai ɗago ba.

"Yallaɓai, a tasha kuka kama ni, gaban direbobi da ɗana. Yanzu ta ƙofar baya za ku sallame ni?"

Maganar ta soki Mannir har cikin ransa, ya ji kunya irin wadda bai saba ji ba. Ya ɗauki hularsa, ya tayar da babur.

"Hau, Malam Ya'u," ya ce. "Tashar za mu, ni zan faɗa musu da bakina."