Tanti Marthe Na Kallon Yamma

Zulaihatu na tsakar gida tana taya Inna tsince busasshen tattasai, Abdullatif ya yi sallama a ƙofa. Tun daga muryarsa ta san ba hira ya zo ba. Saura kwana tara ɗaurin aurensu, kuma mahaifiyarsa Hajja Fatime ce ta aiko shi da saƙo: ko Zulaihatu ta daina zuwa gidan Tanti Marthe, ko a fasa.

Aikin Zulaihatu kowa ya san shi a unguwa, wajen kakarta ta koya. Idan likita ya ce sai addu'a, ita ake kira ta zauna da mara lafiya, ta jiƙa masa leɓe da auduga, ta kwantar wa iyali da hankali. Ka'idarta ɗaya ce: tun mutum na iya magana take tambayarsa abin da yake so a ƙarshe, kuma ba ta saɓawa. Mutanen Diffa na yabon aikin da baki, amma kowa ya fi so 'yar wani ce ke yi, ba sarakuwarsa ba. Wannan karon kuma mara lafiyar, Tanti Marthe, Kirista ce, tsohuwar malamar lakwal, wato makarantar boko, 'yar Dosso, wadda ɗanta Gédéon ke hanya daga Yamai.

"Don Allah, Zulai, kwana tara ne kawai," in ji Abdullatif. "Ki bar wa mutanen cocinsu."

Ta ce masa mutanen coci suna zuwa su yi addu'arsu su tafi, amma Tanti ita ta riƙe wa hannu ta ce kada ta bar ta. Tana faɗa tana hawaye, don tana son Abdullatif so na gaske. Shi ma idanunsa sun yi ja. Ya hau babur ɗinsa ya tafi. Ita kuwa ta ɗauki mayafi.

Da azahar numfashin Tanti Marthe ya fara sarƙewa. Zulaihatu na gefenta tana shafa mata goshi, sai ga Hajja Fatime ta faɗo ɗakin ko sallamar kirki babu, Abdullatif na biye da ita yana ba ta haƙuri. Hajja mace ce da ko a kasuwar tattasai ba a ja da ita. Ta zo ne ta fitar da yarinyar da hannunta.

Amma da ta ga tsohuwar, sai ta tsaya cak. Ta ga mutuwa ba sau ɗaya ba, ta gane ta. Tausayi ya kama ta, ta ajiye jaka, ta yi abin da hannunta ya saba: ta kama kafaɗar Tanti za ta juya ta ta kalli gabas, kamar yadda ake yi wa kowane mai cikawa a gidajensu.

Zulaihatu ta ɗora hannunta a kan na Hajja.

"Hajja, ki gafarce ni. Yamma ta ce."

"Ke! Ni za ki riƙe wa hannu?"

"Ta can ɗanta zai zo, can ne garinsu. Ta roƙe ni kada kowa ya juya ta. Na ce to."

Hajja ta dubi ɗanta, tana jira ya tsawata. Abdullatif ya ce a hankali, "Hajja, alkawari ta ɗauka." Wannan ce rana ta farko da ya taɓa mayar mata da magana. Hajja ta zare hannunta, ta koma bakin ƙofa ta tsaya, fuska ba annuri. Zulaihatu ta san ta rasa aurenta, amma ta tsoma audugar a ruwa ta ci gaba.

Bayan la'asar Gédéon ya iso, da jakarsa a kafaɗa. Ƙofar ɗakin ta yamma take, don haka shi ne abin da idon uwarsa ya fara gani. Ta motsa leɓe, ya durƙusa ya kama hannunta. Ba a yi rabin awa ba ta cika. Zulaihatu ta rufe mata ido, ta aika a kira matan coci, ta fito ta bar musu sauran. Hajja ta riga ta tafi.

Kwana uku ba labari. Zulaihatu ta rame, Inna na ce mata ta yi haƙuri, ita ma tana share ido a ɓoye. Rana ta huɗu sai ga Hajja Fatime da kanta. Ta zauna a tabarma. Sannan ta ba su labarin mijinta, wanda ya cika a wani asibiti a ƙetaren iyaka, cikin baƙi, fuskarsa na kallon bango. Ba wanda ya juya shi gabas, ba wanda ya ma tambaya. Shekara goma sha ɗaya abin na cin ta.

Ta kamo hannun Zulaihatu ta riƙe.

"Yarinyar da ta hana ni juya Marthe ba za ta bari a bar ni ina kallon bango ba. Ranar tawa, ke nake so a gefena."

Zulaihatu ta fashe da kuka. An ɗaura aure ranar da aka sa, ba a ɗaga ko kwana ɗaya ba. Wanda ya riƙe amanar mai mutuwa, ko addininsu ba ɗaya ba, shi masu rai ke nema su ba shi tasu.